Umarnin Da Auta Ya Ƙi Bi

Akwai wani soja da ake kira Auta, don shi ne ƙarami a ɗakinsu. Har ya kai muƙamin kanar sunan bai sake shi ba. Yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne shugaban ƙasa na farko bayan 'yan mulkin mallaka sun tattara nasu-ya-nasu. Jama'a suna ce masa Baba Mai Tuta, saboda da hannunsa ya ɗaga sabuwar tutar ƙasar.

Tun rasuwar mahaifinsu Yayan ne ya riƙe Auta. Shi ya sa shi makaranta, shi ya yi masa aure, kuma da ya hau mulki ya ɗora shi a kan sojojin da ke gadin fadar shugaban ƙasa. Auta bai taɓa yi masa musu ba.

Ƙasar tana jaririya aka zo zaɓen farko. Babu wanda ya zaci Baba Mai Tuta zai faɗi. Amma da sakamako ya fara shigowa, sai ga wani lauya, jagoran 'yan adawa, ya yi masa fintinkau.

Da rana tsaka aka kira Auta ofishin shugaba. Ya tarar an saki labule, fanka na juyawa, ministoci sun yi jugum. Ministan cikin gida ne kaɗai ke magana, mutumin da ake yi wa laƙabi da Guguwa saboda duk inda ya shiga sai ya tayar da ƙura.

"Ranka ya daɗe," in ji Guguwa, "kai ka haifi ƙasar nan. Ya za a yi wanda ko kurkukun 'yan mulkin mallaka bai taɓa kwana ba ya karɓe ta a hannunka? A rufe gidan rediyo kafin a karanta sakamako. A kama Lauya. Mako mai zuwa kowa ya manta."

Shugaba ya ɗago jajayen idanunsa ya dubi ƙanensa.

"Auta, magoya bayan Lauya sun cika ƙofar gidan rediyo. Ka ɗauki yaranka ka watsa su. In sun ƙi, ka san abin yi."

Auta ya ce, "Yaya..."

"A nan ba yayanka ba ne. Shugabanka ne."

Auta ya ƙame, ya sara masa, ya fita.

Da motocin soja suka isa, titin ya cika maƙil. Ba 'yan daba ya gani ba. Ya ga teloli, malaman makaranta, leburorin tashar jirgin ƙasa, mata da goyo. Wani tsoho ya ɗora ƙaramar rediyo a kafaɗa, mutane sun kewaye shi suna jiran a faɗi wanda ya ci.

Sojoji suka diro suka yi sahu. Nan take wuri ya hargitse. Masu gudu na yi, masu ihu na yi. Auta ya karɓi lasifika zai yi magana, sai wani dutse ya taso daga tsakiyar taron ya fasa masa goshi.

Jini ya rufe masa ido ɗaya. A bayansa ya ji ƙarar ɗana bindigogi, ƙwas-ƙwas-ƙwas.

"Yallaɓai, ba mu izini!" sajensa ya yi kururuwa. "Sun zubar maka da jini!"

Auta ya san kalma ɗaya ce ta rage. Idan ya furta ta, kafin rana ta faɗi titin nan zai cika da gawa, kuma daga ranar babu wanda zai ƙara sauka daga mulki a ƙasar sai da bindiga.

Sai ya juya wa taron baya, ya fuskanci sojojinsa, ya buɗe hannuwa.

"Duk wanda ya harba, ni zai fara samu. Ku sauke bindiga. Ku cire harsasai!"

Saje ya yi sororo. "Yallaɓai, umarnin shugaba fa?"

"Ni zan je in ba shi amsa. Na ce ku cire!"

Ɗaya bayan ɗaya suka bi. Ihun mutane ya yi ƙasa, har ana iya jin kukan wani jariri.

Auta bai ko goge jinin ba ya koma fada. Guguwa ne ya fara miƙewa.

"Ka gani ko, ranka ya daɗe? Sun saye shi! Wannan cin amanar ƙasa ne, hukuncinsa kisa!"

Auta bai dube shi ba. Ya zare ƙaramar bindigarsa ya ajiye a kan teburin yayansa.

"Na rene ka da hannuna," shugaba ya ce, "yau kai ne za ka kunyata ni a gaban duniya?"

"Yaya, duk abin da na zama, kai ne sila. Shi ya sa ba zan bari ka zama mai kisan mutanensa ba. Ga mota a waje. Taho in tuƙa ka da kaina, ka dubi fuskokinsu, ka nuna mini wanda zan fara da shi. In ka iya nunawa, sai ka sa a ɗaure ni, ka aika wani."

Shugaba ya dubi jinin da ke ɗiga a kan kakin ƙanensa. Guguwa ya buɗe baki, shugaba ya ɗaga masa hannu.

"Kai da kake ta zuga, ka taɓa riƙe bindiga?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To rufe mini baki."

Ya miƙe a hankali kamar wanda ya tsufa a wuni ɗaya. "A kawo mota. Gidan rediyo za ni."

Da yammacin nan duk ƙasar ta ji muryar Baba Mai Tuta yana cewa jama'a sun zaɓa, ya karɓi zaɓinsu, yana taya Lauya murna. Mutanen da suka zo da duwatsu suka zubar, suka raka motarsa da tafi.

Amma bai yafe wa Auta nan da nan ba. Aikinsa na ƙarshe a ofis shi ne sallamar ƙanensa daga soja. Auta ya koma gona da matarsa da 'ya'yansa. Dangi suka rabu biyu, wasu ko gaisuwarsa ba sa amsawa. Ya haƙura, bai taɓa zagin yayansa ba ko a bayan ido.

Shekaru suka shuɗe. A ƙasashen da ke kewaye, shugabannin da suka maƙale a kujera wasu aka harbe su, wasu suka mutu a gudun hijira. Guguwa kansa ya gwada zuga wasu sojoji su yi juyin mulki, ya ƙare a gidan yari. Shi kuwa Baba Mai Tuta yana yawonsa a kasuwa ba mai gadi, kowace sabuwar gwamnati sai ta zo neman shawararsa.

Wata safiya Auta yana duƙe yana shuka, sai ya ga tsoho da sanda yana ratso gonar. Da ya gane yayansa ne, ya jefar da fartanya ya durƙusa.

"Tashi," in ji Yayan, hawaye na bin gemunsa. "Ni ya kamata in durƙusa. Duk waɗanda suka yi mini biyayya ran nan kabarina suke haƙawa. Kai kaɗai ka so ni."

Ya jawo shi ya rungume, suka daɗe a haka a tsakiyar kunyoyin gonar.

Darasi: Mulki amana ce ta jama'a, ba gadon gidan kowa ba. Mai ƙaunar shugaba na gaskiya shi ne wanda zai tare shi ranar da zai yi zalunci, ko da hakan zai raba shi da aikinsa. Idan labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura shi ga wani, wataƙila ya isa kunnen mai riƙe da kujera a yau.