Ragon da Aka Ɗauki Hotonsa ta Gefe Ɗaya

Akwai wani matashi a Daura, Munzali sunansa. Kada wanda ya tambaye ni unguwarsu. Na san halinku: ni in zauna in ƙona datata in rubuto muku labari, ko sannu babu, sai "wace unguwa ce?" To, ba zan faɗa ba.

Mahaifinsa, marigayi Malam Maliki, raguna yake sayarwa a kara, kasuwar dabbobi. Abu ɗaya aka san shi da shi: kafin a yi maganar ciniki sai ya faɗa maka aibin dabba. Zai buɗe bakin rago ka ga haƙora, ya juya maka shi dama da hagu, ya ce, "Wannan ya yi tari da damina, amma ya warke. Ka gani, ka ji. In ka saya, ka saya da saninka."

Da ya rasu bai bar gona ba, bai bar mota ba. Ɗan garke ya bari, da wannan suna.

Munzali ya yi tunani mai kyau, wannan kam ban hana shi ba. Ya lura 'yan Daura da ke aiki a Legas da Fatakwal da Abuja, duk Babbar Sallah fama suke da neman wanda zai saya wa iyayensu ragon layya a gida. Sai ya sa aka buɗe masa shafin intanet, ya raɗa masa suna Garken Malam Maliki. Ka zaɓi rago daga inda kake, a kai wa tsohuwarka har ƙofar gida.

Rubutun farko da kansa ya yi:

"Assalamu alaikum. Ni ne Munzali, ɗan Malam Maliki na kara. Ni kaɗai nake kiwon nan, a bayan gidanmu, kuma ragunan ba su da yawa. Farin balamin nan lafiyarsa lau, sai dai faɗa. Udan nan bai kai girman da hoto ya nuna ba. Mai tambaya ya kira, ni zan ɗauka."

Ni da Allah ya hore wa alƙalami, na ce muku wannan rubutu bai rasa komai ba. Amma da yake ba a tuna irinmu sai abu ya ɓaci, ba ni ya nuna wa ba. Jibril ya nuna wa, abokinsa da ya yi 'yan shekaru a Kano yana tallar kaya a waya.

Jibril ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mutumina, gaisuwa kake aika wa gwaggonka ko kasuwa ka buɗe? 'Ni kaɗai'! 'Bayan gidanmu'! Saura ka faɗa musu katangar ta zube."

"Ai gaskiya ce," in ji Munzali.

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Kwalliya za ka yi mata. A intanet ba a cewa ni, mu ake cewa. Miƙo wayar."

Kafin shayinsu ya huce shafin ya koma haka:

"Barka da zuwa Garken Malam Maliki, babban kamfanin kiwon zamani. Ƙwararrun likitocinmu suna duba kowace dabba. Duk ragunanmu ba su da aibi."

Munzali ya ce, "Waɗanne likitoci?"

"Kai mana! Ba kai kake ba su maganin tsutsa ba?"

Ciniki kuwa ya buɗe. Sallah ba ta ƙaraso ba ragunan gida suka ƙare, waya ba ta daina kuka ba. Munzali ya garzaya kasuwar Mai'adua, ya kwaso wasu a gurguje, ko bakinsu bai buɗe ba.

Sai da ya sauke su a gida ya lura da mafi girmansu. Rago ne har rago, ƙaho ya murɗe, wuya ya cika. Amma hakiya ta rufe idonsa na hagu ruf, ba ya gani da shi. Kowa kuwa ya san rago mai ido ɗaya bai isa layya ba.

Ya daɗe tsaye da waya a hannu. Layi ɗaya ya ishe shi ya rubuta a ƙarƙashin hoton. To, amma a saman shafin an riga an ce duk ragunan ba su da aibi. In ya rubuta, ya ƙaryata kamfani.

Sai ya juya ragon ta dama, ya ɗauki hoto.

Wanda ya zaɓe shi Yazid ne, ma'aikacin jinya a Fatakwal, wanda mahaifiyarsa Nagoggo ke zaune a Sandamu. Ya kira ya ce, "Da wa nake magana?"

Munzali ya gyara murya. "Sashen kula da masu ciniki."

"Madalla. Tsohuwata ce ta ce in dai garken Maliki ne, in saya ido rufe."

Munzali ya ce, "Kamfani na godiya."

Ranar jajibere aka kai ragon Sandamu. Nagoggo ganinta ya yi rauni. Ta shafa bayansa, ta ji ƙiba, ta yi ta sa wa ɗanta albarka, ta kira maƙwabta su zo su ga abin da Yazid ya aiko.

Da aka sauko daga Idi, maƙwabcinta Malam Amadu ya shigo da wuƙa. Ya kama ƙaho, ya juyo fuskar ragon. Ya daɗe yana dubawa.

"Inna, wa ya sayo wannan?"

"Daga garken Maliki yake. Lafiya?"

Wuƙar ya fara mayarwa cikin kube.

Yazid ya kira yana huci. Kun san me Munzali ya ce? "Kamfani zai duba ƙorafinku bayan hutun Sallah." Ya kashe waya, ya shige ɗaki. Ba shi da sauran rago, ba shi kuma da bakin cewa shi ne ya gani ya yi shiru. Yazid kuwa duk abin da ya tanada a wannan ragon ya tafi. Haka kwanakin layya suka fita, ana suya a kowane gida, ban da gidan Nagoggo.

Bayan Sallah, Munzali yana sharar garken da ba kowa ciki, ya ji sallama a zaure. Wata tsohuwa ce da sanda, ta hau mota tun daga Sandamu da kwatancen da ɗanta ya karanto mata a shafin.

"Ɗan nan, nan ne kamfanin?"

"Nan ne, Inna."

"To, kira min manajan."

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

"Likitocin fa? Ko sun tafi yawon Sallah?"

Munzali ya jingine tsintsiya a bango.

Ta zauna a kan dakali, ta dubi zauren sama da ƙasa. "Maigidana, Allah ya jiƙansa, a nan yake shan ruwa in ya zo kasuwa. Tun da ya rasu ban taɓa rasa layya ba sai bana. Ka ga idon kafin ka aiko?"

"Na gani, Inna."

"Da ka rubuta, da Yazid ya zaɓi ƙarami, da na yanka abina."

Munzali ya durƙusa. "Ku yi haƙuri. Zan mayar da kuɗin. Baɗi kuma ni zan kawo muku rago da kaina."

"Baɗi? Wa ya ce maka zan ga baɗi?"

Ta gyara zamanta. "Ragonka na nan, ka aika a ɗauko. Ba shi ya kawo ni ba. Yazid ya ce maganar ta bazu a wayoyin 'yan garin nan da ke can nesa, ana ta tsine wa Garken Maliki. Mutum yana kwance a kabarinsa, ana zaginsa a Fatakwal. Cire sunansa daga wannan abin naka. Sa naka, a zage ka da hujja."

"Inna, shi kaɗai ya bar min."

"Na sani. Cire."

A gabanta ya goge sunan daga shafin. Ta miƙe, ko ruwa ba ta sha ba.

Jibril tuni ya koma Kano. Da Sallah ta zagayo, Munzali ya dawo da rubutunsa na farko, da "ni", da bayan gida, da aibin kowane rago a ƙarƙashin hotonsa, sai dai babu sunan Maliki a ciki. Wayar ta yi shiru. Ya kora ragunan kara, ya tsaya inda mahaifinsa yake tsayawa. Dattawan da suka saba kiransa ɗan Maliki suka zo wucewa, ɗayansu ya ɗaga masa hannu.

"Manaja, an fito?"

Darasi: In za ka rubuta wa baƙin shafinka, yi magana da bakinka kamar suna tsaye a gabanka, ka faɗi abin da kake da shi, ka faɗi aibinsa. Kwalliyar da ta hana ka faɗin gaskiya ƙarya ce, kuma sunan da aka yi shekaru ana ginawa layi ɗaya ke rushe shi. Ku tura wa duk wani mai talla a intanet. Na san za ku kwafe ku cire sunana kamar kullum. Ku dai tura, ni da ku sai Allah ya saka min.