Saiwar da Jatau Ya Bari Ta Ruɓe

An yi wani mutum a wani gari na bakin rafi, tun zamanin da ake ban ruwa da jigo. Sunansa Jatau, bawan Allah ne irin wanda ko a masallaci sai an waiwaya ake ganinsa. Ba shi da ƙasar kansa ko ta shimfiɗa tabarma. Amininsa Barau ne ya ba shi aron lambu, ya shekara goma sha biyu yana noman albasa a ciki.

Ku saurara, jama'a, ƙasa ma tana gajiya. Albasa bana, albasa baɗi, har lambun ya ƙanƙame ya koma kamar daɓen ɗaki. A zuba ruwa ya kwanta a sama, ya ƙi shiga.

Sai Barau ya rasu. Da matarsa Dudu ta fita takaba, ta zo tana murza bakin mayafi, ta ce ba ta da abin ciyar da 'ya'yanta mata uku sai lambun nan. Ya ƙara rani ɗaya, sannan ya mayar. Jatau ya ce to.

Al'adar garin kuwa, mai aro in zai fita yakan cika kowane fangali da albasa, ya tatse ɗan ƙarfin da ya rage wa ƙasar, kuma ba mai ganin laifinsa. Jatau bai yi haka ba. Akuyarsa ɗaya tilo ya sayar, ya sayi wani iri a hannun wani bafatake. Radis ake ce masa, saiwa ce fara doguwa kamar karas. Bafataken ya ce tana huda ƙasa mai tauri kamar ƙusa, in an bar ta ta ruɓe a ciki sai ta bar ƙofofin ruwa, jikinta ya zama taki.

Ya shuka, ya yi ta jan jigo, ganye ya rufe lambun shar. A ranin nan hatsi ya yi tsada. Jatau ya koma ƙwadago a lambunan mutane, abin da yake samowa bai wuce na koko ba. Wata rana matarsa Tabawa ta tono saiwa ɗaya, kauri kamar damtse, ta ajiye a gabansa.

"Malam, wannan ko a kasuwa an saya, ko a tukunya ta dahu. Ƙasa za ka ciyar, ni ina kallo?"

Ya daɗe yana duban saiwar. Ya ce, "Ranar da Barau ya ba ni lambun nan, hannu na tura ya shige har wuyansa. Yau fartanya ma tsalle take yi. Da wane ido zan miƙa wa marayunsa daɓe?"

Tabawa ta ce marayu dai ba su san yadda aka karɓa ba. Ya ce shi ya sani.

Ya sare ganyen ya shimfiɗa a kan fangali, saiwar ta ruɓe a ƙasa. Wari ya tashi, wari irin na mushe. Masu wucewa suka riƙa toshe hanci suna tambayarsa ko jaki ya binne. Ya miƙa lambun a haka, har ita Dudu ta tafi tana jin an wulaƙanta ta.

Damina ta faɗi, zazzaɓi ya kama Jatau a jikin da yunwa ta riga ta cinye. Kwana tara ya yi a kwance, ya rasu.

Da rani ya zagayo, Dudu ta durƙusa za ta dasa albasa. Ta tura hannu, hannu ya shige har wuyansa. Ƙasa baƙa, mai laushi, mai sanyi. Nan ta zauna ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'izar Jatau. Kwandon albasa na farko da ta cire, a kanta ta ɗora ta kai wa Tabawa. Matan biyu suka zauna, kwando a tsakani.

To, 'yan'uwa, amana ba mayar da abu kawai ba ce, mayar da shi ne yadda aka ba ka, ko da mai shi ba zai taɓa sanin bambancin ba. Kai da ke gidan haya, ke da aka ba riƙon ɗiyar wani, ni da aka ara wa wannan jiki da 'yan kwanakin nan: duk aro ne, kuma Mai shi ya san yadda ya bayar. Ranar da za a tura hannu a abin da ka mayar, zai shiga, ko daɓe za a tarar?