Tsanwa da Mijinta Mai Cewa Lafiya Lau

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta. To, na amsa muku da kaina, tunda bakinku duk gyaɗa ce.

Can tsakiyar teku, ruwan nan da ba a hango gaɓarsa, wanda gishiri ya yi wa yawa har ba ya shayuwa, akwai waɗansu kifaye da masu jirgi ke ce wa mahi-mahi. Kada ku tambaye ni ma'anar sunan, ban yi nisa a makaranta ba. Kyau gare su kamar an tsoma su a rini: baya kore da shuɗi, gefe ruwan zinariya. Ga ci, ba abin da ke wuce su, har kifi mai fiffike sai su bi shi ta ƙasa su jira ya sauko. Ka ga ɗansu yau kamar yatsa, kafin damina ta zagayo ya fi tsawon hannunka, har ya yi iyali. Sai dai ba sa daɗewa. Wanda ya ga damina uku ko huɗu shi ne dattijo, shi ake kai wa ƙara.

Suna da hali biyu. Suna son inuwa, kuma teku ba bishiya, saboda haka duk abin da ya zo yana yawo a kan ruwa, ko gungume ko ciyawa, sai su taru ƙarƙashinsa su mai da shi gari. Na biyu, in ɗayansu ya tsaya wuri, sauran ba sa tafiya su bar shi.

A cikinsu akwai wata Tsanwa. Mijinta Maigoshi, don mazansu goshi gare su a miƙe kamar bangon ɗaki. Tun da ta aure shi ba ta taɓa jin ya ce wani abu yana damunsa ba. Wata rana wani ƙaton kifi mai haƙora ya gutsure masa gefen wutsiya. Ta ce, “Maigida, me ya same ka?” Ya ce, “Aski na yi.”

To, akwai wani masunci, Makau, da ya san halin nan nasu duka biyu. Sai ya ɗaure gora da ganyen kwakwa, ya kai tsakiyar teku ya ajiye, ya koma gida abinsa. Maigoshi ya gani, ya kira dangi ya ce an samu gida.

Tsanwa ta ce, “Wa ya gina shi?”

Ya ce, “Ke dai shiga inuwa.”

Ana nan, ran nan da hantsi sai ga Makau cikin kwalekwalensa. Ya soka yankan kifi a ƙugiya ya jefa. Maigoshi, da yake shi ne babba, shi ya fara ci. Ƙugiya ta kama shi a muƙamuƙi.

Ku kuna tsammanin Makau zai ja shi sama? Bai ja ba. Sai ya ɗaure igiyar a gefen kwalekwale, ya bar shi cikin ruwa yana kai da komowa. Ya ɗauko wata ƙugiyar ya zauna.

Tsanwa ta matso. Ta ga wani siririn zare ya fito daga bakin mijinta ya yi sama. Ta yi ƙasa da murya ta ce, “Maigida, wannan zaren fa?”

Ya ce, “Sakace nake yi. Rufe bakinki, ga mutane nan.”

Sai ga ƙanensa Shuɗi. Ya ce, “Yaya, na ga ka tsaya wuri ɗaya. Lafiya?”

Maigoshi ya ce, “Lafiya lau. Inuwa nake sha.”

Shuɗi ya ce to madalla, bari ya taya shi. Sai ga yankan kifi ya sauko. Shuɗi ya cafke, aka yi sama da shi.

Tsanwa ta ce, “Ina ƙanenka ya tafi?”

Ya ce, “Ya hau ya gaishe da masu gidan.”

Tsanwa ta so ta yi magana, amma ta yaya mace za ta kunyata mijinta a gaban danginsa? Sai ta haɗiye.

Sai ga Gwaggo Ɗorawa, ƙanwar ubansa, tana tafe tana nishi. Ta ce, “Ɗan nan, bakinka kamar ya karkace. Lafiya?”

Ya ce, “Lafiya lau, Gwaggo. Murmushi nake yi.”

Ta ce, “Allah ya ƙara mana irinsa.” Ta juya ta harari Tsanwa. “Ke kuma mijinki na murmushi kin tsaya kin ɓata rai.” Yankan kifi ya sauko. Gwaggo ta ce ita ba yunwa take ji ba, ɗanɗanawa kawai za ta yi. Aka yi sama da ita.

Tsanwa ta ce, “Ita ma gaisuwar ce?”

Ya ce, “Ta je kiran Shuɗi.”

Sai ga Baffa Toka, dattijon garin, wanda ake kai wa ƙara. Ya zagaya Maigoshi, ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, “Ni na ga duniya, kuma wannan tsayuwar taka ba ta yi mini ba. Faɗa mini tsakaninka da Allah. Lafiya?”

Tsanwa ta zuba wa mijinta ido. Jini na fita kaɗan-kaɗan ta gefen bakinsa. Ya ce, “Lafiya lau, Baffa.”

Baffa ya ce ai tunda babba ya faɗa, shi ke nan. Yankan kifi ya sauko, ya cafke, aka yi sama da Baffa.

Can sai Tsanwa ta hango 'ya'yanta tafe daga cikin ciyawar ruwa inda ta baro su, sauran dangi na biye. Sun ga babansu ya daɗe a tsaye, sun zo gaishe shi. Kuma ta san in suka tambaya abin da zai ce.

Sai ta tare gabansu. Ba ta gaishe shi ba. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, “Maigida, tunda lafiya ce, zo ka raka ni bayan ciyawar can.”

Ya ce, “Anjima.”

Ta ce, “Yanzu.”

Dangi suka hau gunaguni, ana cewa wannan mata ba ta da kunya. Maigoshi ya kaɗa wutsiya ya taho. Bai yi nisa ba igiya ta miƙe, ta fizge kansa baya. Kowa ya gani.

Maigoshi ya dubi yaran. Ƙaramarsu har ta buɗe baki tana bin wani yankan kifi da ke saukowa. Sai ya ce, “Ba lafiya. Ƙugiya ce a bakina. Wanda ya ci abin nan ba ya dawowa. Tsanwa, kwashe su ku yi ƙasa.”

Tsanwa ta make ƙaramar da wutsiya, ta kora su gaba. Ta dawo ta goga jikinta a nasa. Ta ce, “Da zafi?”

Ya ce, “Da zafi ƙwarai.”

Ta ce, “Sannu.” Tun aurensu ran nan ne ta fara samun inda za ta ce masa sannu. Ta bi 'ya'yanta.

Makau ya leƙa ruwa ya ga wayam. Ya jira, ya jira, sai ya ja Maigoshi sama yana murna zai kai zinariya kasuwa. Kafin ya kai gaɓa, kore da shuɗi da zinariyar duk sun zube sun bi Tsanwa, kifi ya koma fari-fari kamar tsohon kwano. Har gobe haka suke, kyansu ba ya yarda ya je kasuwa. Kuma har gobe masunta na barin ɗaya a ƙugiya, don ba a rasa mai cewa lafiya lau.

To kun ji. In ƙugiya na bakinka aka tambaye ka, ka faɗa, don ba kai kaɗai take jira ba. Ke Lantana, tun safe kike tari kina ce mini lafiya lau, ga shi kofi ɗaya kuke sha da ƙannenki. Taso nan in taɓa goshinki.

Ƙurunƙus kan kifin teku. Ku kwashe ɓawon gyaɗar nan kafin ku tashi.