Kura da Tsumman Kwale-kwale

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha ta da sanyinta!

Da bazara Kura ta shiga kwale-kwalen Kwaɗo za ta gangara kogi. Rana ta take, gumi na tsiyaya, sai ta hango jiƙaƙƙen tsumma a cushe a gindin jirgin.

Ta ce, "Kwaɗo, miƙo tsumman nan in ɗora a ka."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, shi ya toshe hujin jirgin."

"Ni za ka hana tsumma?" Ta fizge, ta ɗaura kamar ɗankwali, har da lumshe ido.

Ruwa ya ɓulɓulo, jirgi ya nutse. Kwaɗo ko a jikinsa, ai gida ya koma. Kura na shure-shure tana ihu, ya leƙo ya ce, "Ranki ya daɗe, sanyin ya isa ko a ƙaro?"

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa!