Lambar Sirrin Uwar Biyu

Akwai wata mata da kowa ke kira Uwar Biyu, ma'aikaciyar jinya ce da ta koma jami'a neman digiri na uku bayan tagwayenta sun shiga makaranta. Bincikenta a kan ciwon ƙoda ne da ya addabi matan wasu unguwanni. Shekaru ta kwashe tana bin ƙananan asibitoci, tana lallashin mata su yarda a ɗebi jininsu, tana tara sakamako. Babi ɗaya kacal ya rage mata ta kammala.

Duk bayanan nan suna cikin babbar kwamfutar sashensu, a wani ɗaki mai sanyi kamar firji a ƙarshen baranda. Mai kula da ita wani ne da ake ce wa Injiniya, ɗan gajere mai fuskar shanu, wanda ko gaisuwa ce a taƙaice yake amsawa.

Ranar da ya buɗe mata shafi, doka biyu ya gindaya mata.

"Malama, bayanan marasa lafiya ba a kwafe su a filash a fita da su. Sannan lambar sirrin nan taki ce ke kaɗai. Ko maigida kada ya ji ta."

Ta yi dariya ta ce, "Injiniya, maigidan da ko wayarsa sai yara sun buɗe masa?"

Bai yi dariya ba.

Dokar farko ta riƙe ta da hannu bibbiyu. Ko layi ɗaya ba ta taɓa kwafa ba, don tana cewa sirrin mutane amana ne. A ta biyun ne aka samu matsala.

Mijinta yana da ƙane, Auta, mai shagon tura fina-finai a waya, jingine da katangar jami'ar. Auta irin mutanen nan ne masu zaƙin baki, da za su iya sayar maka da takalminka kana sanye da shi. Kusan kullum a gidan yake cin abincin rana. Wata rana ya tarar da ita a falo da kwamfutarta a cinya, ya leƙa ta kafaɗarta.

"Matar Yaya, ashe ku intanet ɗinku kyauta ne? Ni kuwa ina can data tana cinye ni da raina. Sabis ɗinku fa har bayan shagona yana kaiwa."

"Na karatu ne, Auta. An hana mu bayarwa."

"Oho, rijiya ta bayar, guga ya hana! Kayan jami'a ne fa, ba na uban kowa ba. Shi ke nan, bari in je in gaya wa Inna an fara yi mana rowar boko."

Da wasa ya faɗa, amma maganar ta sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi. Dama dangin miji sun daɗe suna gunagunin tunda ta koma makaranta take ji da kanta. Mijin ma daga kan tabarma ya sa baki, "Haba Uwar Biyu, ba shi mana. Teku ce, cokali ɗaya ba zai rage ta ba."

Sai ta karanto masa lambar, ya danna a wayarsa.

Jama'a, wannan halin namu ne yake ƙona mini rai. Mun gwammace mu karya dokar da muka sa wa hannu da a ce mana marowata a cikin dangi.

Abin da Uwar Biyu ba ta yi tunani ba shi ne, lambar da ke buɗe intanet ita ce dai ke buɗe ma'ajiyar sashe. Auta kuwa da ya shiga ya ga fili fetal, sai ya mai da wurin sito. Duk fim ɗin da ya sauko da shi daga kowane lungu, can yake jibge shi. Da tafiya ta yi daɗi, ya ba abokin sana'arsa lambar, shi ma ya ba wani.

Wata safiya ta shiga ɗakin kwamfuta ta ga ɗalibai sun yi cirko-cirko. Ta zauna ta danna fayil ɗinta, ya ƙi buɗuwa. Ta danna wani, shi ma haka. Sunayen duk sun rikiɗe sun koma wasu haruffa marasa kan gado.

Injiniya ya kira ta ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce wata muguwar cutar kwamfuta ce ta shigo a cikin wani fim, ta kulle duk abin da shafinta ke iya kaiwa gare shi, har da ajiyar ko-ta-kwana da ke haɗe da na'urar. Aikinta ya tafi, tare da na wasu abokan karatunta.

"Malama, da sunanki aka shigo. Amma bar wannan tukuna. Don Allah ki ce mini kin saɓa mini, kina da kwafi a gida. Wallahi ba zan gaya wa kowa ba."

Ta girgiza kai, hawaye na zuba. "Ka ce kada in kwafa. Ban kwafa ba."

Injiniya ya cire tabarau ya dafe goshi. Mutumin da ba a taɓa ganin tausayi a fuskarsa ba, ranar sai da idonsa ya kaɗa.

A gida mijin ya zaunar da ita yana murza hula a hannu.

"Kada ki ambaci Auta a gaban kwamiti. In suka kama shi, da wane ido zan kalli Inna?"

"Ni kuma da wane ido zan kalli kaina, Baban Biyu?"

Auta dai ya kashe waya, aka ce ya yi tafiya saro kaya.

A gaban kwamitin ladabtarwa ta faɗi gaskiya tiryan-tiryan, ba ta ɓoye komai ba. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai furfura, ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce a hankali, "'Yata, mun yarda ba ke kika sauko da fim ɗin ba. Amma jami'a ba ta san ƙanin mijinki ba. Ke ta ba mabuɗi."

Aka sallame ta daga karatun. Farfesan da ke duba aikinta ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ko da an yafe mata, babu sauran abin da za ta rubuta a kai. Abokan karatunta da abin ya shafa ba su zage ta ba, sai dai in sun hango ta su sauya hanya, kuma ta ce da zagin suka yi da ya fi mata sauƙi. A dangin miji kuwa laifinta aka gani, wai ta tona asirin ɗansu a gaban baƙi.

Ta koma bakin aikinta na jinya. Ana nan wata rana tana auna jinin masu layi, sai wata tsohuwa da ƙafafunta suka kumbura suntum ta riƙe mata hannu tana murmushi.

"Ba ke ce kika ɗebi jinina da na 'yata ba? Ita Allah ya karɓi abarsa bara. Amma na ce wa jikokina kada su damu, akwai wata yarinyar kirki a jami'a tana nan tana binciko mana abin da ke kashe mu. 'Yar nan, an gano kuwa?"

 Uwar Biyu ta sunkuyar da kai ta ci gaba da naɗa wa tsohuwar abin awo a dantse, hawaye na ɗiga a kan farar rigarta.

Tsohuwar ta shafa mata baya ta ce, "Yi a hankali, kada ki takura kanki. Muna jira."

Darasi: Lambar sirrin da makaranta ko wurin aiki suka ba ka amana ce, ba kayan kyauta ba ne da za ka faranta wa dangi rai da shi. Duk abin da aka aikata da sunanka kai za a tuhuma, kuma ɓarnar takan faɗa har kan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Gara a kira ka marowaci yau da ka wayi gari kana da-na-sani. Kai ma mai roƙo, ka ji tsoron Allah, ka daina matsa wa ɗan'uwanka ya ba ka abin da ba nasa ba. Ku tura wa ɗalibai da ma'aikatan da kuka sani, wataƙila wani yana dab da karanto tasa lambar.