Ranar da Hajo ta ambaci sunan ɗan farinta

Akwai wata dattijuwa a Auyo, a zamanin Turawa, sunanta Hajo. Ɗanta na fari, Usman, yana cikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama. Bisa al'adar gidansu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. "Wancan" kawai take ce masa.

Amma idonta yana kansa. Ta lura ƙafafunsa sun kumbura. Idan ya hauro gaɓar kogi daga fadamar shinkafa, sai ya tsaya ya dafe ƙirji yana haki. Kowa ya tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Lafiya lau." Shi ma an rene shi a kan cewa namiji ba ya faɗin ciwo.

Gab da damina, motar asibitin soja ta zo Haɗeja domin duba tsofaffin sojoji. Wanda aka samu da ciwon zuciya, sai a tafi da shi babban asibitinsu. Hajo ta san da zarar kogi ya cika, hanya ta yanke sai kaka. Ta bi Usman da mutanen garinsu zuwa Haɗeja, ta tsaya cikin mata.

Da layi ya zo kan Usman, malamin asibiti ya ce, "Soja, akwai inda ke damunka?"

Usman ya ƙame. "Babu, ranka ya daɗe."

Malamin ya ɗaga hannu zai sallame shi. Hajo ta yunƙura za ta yi magana. Gumsu, ƙanwar mijinta, ta riƙe mata zane. "Yaya, kul! Ɗan fari ne fa. A gaban maza?"

Hajo ta fizge zanenta.

"Usman!" Ta ƙwala masa kira. "Usmanu, ka ji tsoron Allah. Malam, dubi ƙafafunsa. Yaron nan a zaune yake barci, ba ya iya kwanciya."

Wata ta ce, "Yau mun ga abu. Tsohuwa ta zubar da girmanta a kasuwa."

Malamin ya danna ƙwaurin Usman da yatsa, gurbin ya ƙi tasowa. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce a sa shi a mota. Usman ya hau cikin fushi, ko sallama bai yi mata ba.

Duk daminar nan babu labarinsa. Hajo ta rame, ba ta sani ba ko ta cece shi ne ko ta miƙa shi inda zai mutu cikin baƙi.

Bayan an yanke shinkafa ya dawo. Zuciyarsa ce ta kumbura. An ɗora shi a kan magani, an hana shi gishiri da tuƙin kwalekwale har abada.

Mata ba su daina yi mata gori ba. Wata rana a bakin rijiya Gumsu ta sake tayar da maganar. Hajo ta ɗora tulunta, ta ce, "Ku faɗi abin da za ku faɗa. Ni dai ga shi can yana alwala."

Darasi: Kunya ado ce, amma ba a ɓoye ciwo saboda ita. Idan ka ga alamar cuta a jikin wani naka, yi magana tun hanya tana buɗe. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana shiru da ciwonsa.