Bushiya Tana Cikin Rijiya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta na shekarar 1990, gari ya waye a Malumfashi da yayyafi mai sanyi, irin wanda ba ya hana fita amma yana jiƙa mutum sharkaf. A wannan safiya Kande ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da wasiƙa a kan cinya, ta rasa sunan da za ta rubuta a bayan ambulan. Ku saurara ku ji dalili, don ku za a bar wa hukunci.

Wata uku kafin nan ƙanwarta Habi ta rasu bayan doguwar jinya, ta bar 'ya ɗaya, Zulai, mai shekara shida, wadda ubanta ya rasu tun tana goye. Kande kuwa girma ya kama ta, idonta ya fara hazo. Ana jibi Habi za ta cika, ta riƙe hannun Kande ta ce, "Yaya, ba za ki iya da Zulai ba. Ki ba da riƙonta ga wadda ta fito da Bushiya daga rijiya." Kande ta ɗauka zafin ciwo ne, ta ce mata ta yi salati.

Da aka watse daga makoki sai Zulai ta daina wasa, ta daina magana. Sai an yi da gaske take kurɓar koko. In an matsa mata, abu ɗaya take faɗi: "Bushiya tana cikin rijiya." Kande ta sa aka leƙa rijiyar gidan, ba a ga komai ba. Aka yi rubutu, aka je asibiti, likita ya ce bai ga ciwo ba. Yarinya dai tana ta ramewa.

To, Habi tana da ƙawaye uku tun suna makarantar kwana ta 'yan mata, kuma babu ko ɗaya da ta leƙo ta tana kwance.

Ta farko ita ce Ladidi, ma'aikaciyar jinya a Gusau. Sau uku Habi ta aika mata, tana cewa sai ta sami hutu. Hutun bai zo ba sai ranar sadakar arba'in. Tana zaune tana gaisuwa ta ji abin da Zulai ke faɗi, sai kofin ruwa ya suɓuce mata. Ta gaya wa Kande cewa su huɗu sun ƙago wata tatsuniya a makaranta, ta dabbobi huɗu aminan juna, suna rubuta ta a littafi. Habi ce Bushiya, don ko tsawa aka yi mata sai ta dunƙule. Ita Ladidi Belbela, Tasalla Kurege, Asabe Kunkuru. Ashe wannan tatsuniya ce Habi take ba 'yarta a gadon jinya, ta kai inda Bushiya ta faɗa rijiya tana kiran aminanta, ajali ya riske ta. "Yaya, ba iska ba ce," in ji Ladidi. "Jira take a zo a fito da uwarta." Ita ta manta yadda labarin yake, amma ta ƙarar da hutunta tana cigiyar sauran biyun har ta same su. Ba don Ladidi ba, da ba wanda ya san ciwon.

Ta biyu ita ce Tasalla, malamar makaranta a Jos. A shekararsu ta ƙarshe an yi gardamar wadda za ta tafi da littafin, sai ta ɓoye shi a ƙasan akwatinta ta rantse ba ta gan shi ba. Da Habi ta haihu ta rubuto mata tana tambaya ko an taɓa ganinsa, tana so ta karanta wa 'yarta. Tasalla ta yi shiru, don amsa ƙaryar ya yi mata nauyi. Yanzu sai ta naɗe shi a leda ta kamo hanya. Ruwa ya cinye wata gada, ta ɗora littafin a ka ta ratsa rafi da ƙafa. Ta durƙusa gaban Kande ta faɗi abin da ta yi, sa'an nan ta karanta wa Zulai tun daga farko. Yarinya ta ɗaga kai, har ta gyara mata waƙar Kurege. Amma a bakin rijiya rubutun ya tsaya, don gardamar ta hana su ƙarasawa. Zulai ta sake juya fuska bango. Duk da haka, ba don Tasalla ba, da ba labarin da za a ɗora.

Ta uku ita ce Asabe, mai ɗinki a Dutsin-Ma. Ba a gayyace ta sunan Zulai ba, mantuwa ce kawai, amma ta riƙe abin shekara shida, tana wuce Malumfashi a mota ba ta sauka. Ita ta zo ƙarshe, ta tarar Ladidi ta ƙaro hutu ta dawo, Tasalla ma ba ta tafi ba. Ladidi ta ce, "Kunkuru dai kunkuru ne, ko mutuwa ba ta sa shi sauri." Asabe ta wuce wurin Zulai. Ta bar ɗinkinta, ta zauna kwana goma sha biyu tana yi wa yarinyar kitso tana kwancewa, har ta saba da hannunta. Ran nan da hantsi ta ɗora ta a cinya ta ce za ta ƙarasa tatsuniyar.

"Ba a tatsuniya da rana, Asabe," in ji Kande. "Wanda ya yi, ɓata yake yi."

"Mu ai mun daɗe da ɓata, Yaya."

Sai Asabe ta ce Belbela ta hango rijiyar daga sama, Kurege ya kawo igiya, Kunkuru ya shiga ruwa. Sun fito da Bushiya, amma sun makara. Da suka waiwaya sai ga 'yarta a gindin rijiya tana jira, suka ɗauke ta.

Zulai ta dube ta. "Me ya sa suka makara?"

"Kowa ya ɗauka akwai gobe."

Yarinya ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza, ƙawayen uwarta su uku suna taya ta. Da ta yi shiru ta ce tana son kunu. Ba don Asabe ba, da har yanzu ana bakin rijiya.

A nan Kande ta tuna wasiyyar, ta gaya musu. Kowacce ta ce a ba ta yarinyar, kowacce kuma ta sunkuyar da kai tana faɗi. Kande ta ce su koma gida, za ta rubuto.

Sati biyu tana juya maganar. In ta tuna alherin ɗaya sai laifinta ya biyo baya, kuma ita kanta tana cizon yatsa da ba ta tambayi Habi abin da take nufi ba. Da yayyafin ya tsagaita, ta rubuta suna ɗaya da manyan baƙaƙe, ta yafa mayafi, ta riƙe hannun Zulai suka tafi gidan waya. Yarinyar ce ta yi ɗage ta jefa wasiƙar a akwati.

To, jama'a, duka ukun sun makara, kuma duka ukun sun zo. Tsakanin wadda ta gane ciwon, da wadda ta kawo littafin, da wadda ta faɗa wa marainiya gaskiya, sunan wa ya kamata a gani a bayan ambulan ɗin nan?